Ƙuma da kaska sun addabi karnukan gonata, ina neman shawara

Mai Gona, Ƙofar Sauri:

Assalamu alaikum. Ina da karnuka biyu, namiji da karya, da ɗan kwikwiyo guda wanda bai wuce sati shida da haihuwa ba, a gidan gonata da ke bayan garin Katsina. Na ajiye su ne domin gadin tumaki da kaji, kuma shekara uku ke nan ban ga wata matsala a tare da su ba, sai bana da damina ta kankama. Karyar ba ta da aiki sai susa da cizon jikinta, har gashin gindin wutsiyarta ya zube, wurin ya yi ja. Shi kuwa namijin, cikin kunnuwansa da tsakanin yatsunsa cike suke da wasu abubuwa masu launin toka, wasu kamar ƙwayar wake, wasu ƙanana kamar riɗi, kuma kwana huɗu ke nan ya rage cin abinci, yana yini a kwance a gindin katanga. A gefen kunnen kwikwiyon ma na ga wasu ƙananan baƙaƙen abubuwa a jere, sun manne ba sa motsi.

Yaron da ke kula da gonar ya ce duk kaska ce, kuma maganinta a shafa musu baƙin mai, ko a ɗiga fiya-fiya a ruwa a yi musu wanka. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Ina roƙon masu sani su bayyana mini yadda ake bambance ƙuma da kaska, da abin da ya kamata in yi wa manyan, da abin da ya dace da kwikwiyon. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mafarauci, Daura:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka hana yaron nan taɓa kwalbar fiya-fiya. Ni ganau ne ba jiyau ba. Shekarun baya ina da wani farin kare wanda duk tawagarmu babu mai gudunsa, kaska ta kama shi bayan mun dawo daga daji, wani ya ba ni irin wannan shawara na ɗauka. Ba a yi awa biyu da wankan ba sai ya fara dalala da makyarkyata, ya yi ta amai da zawo, kafin magariba ya mutu. Kaskar ta mutu kam, amma ta tafi da karen. Baƙin mai kuwa yana ƙona fata, kare kuma dole ya lashi jikinsa, ka ga ya haɗiye shi ke nan.

Bambancewa ba ta da wuya. Ƙuma ƙarama ce, baƙa-baƙa mai ɗan ja, jikinta a matse yake ta gefe da gefe, idan ka buɗa gashi sai ka ga ta ruga ko ta yi tsalle ta ɓace. Kaska ba ta tsalle, ba ta tashi, rarrafe take yi, idan ta sami wuri ta kafa baki sai ta zauna kwanaki tana shan jini har ta kumbura. Don haka abin da ke kunnen namijin kaska ce, masu kama da wake mata ne da suka ƙoshi, ƙananan kuwa maza ne ko 'ya'ya. Karyar kuma ƙuma ke cin ta, domin gindin wutsiya da cinyoyi da ciki nan ne matattararta.

Yadda muke cire kaska shi ne a sami hantsaki, a kama ta daf da fata, wajen baki, ba wajen cikin da ya kumbura ba, a ja a hankali a miƙe ba tare da fizga ba. A jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir. Kada a yar da ita a ƙasa, domin wadda ta ƙoshi ƙwai za ta je ta zuba. Mu dai al'adarmu duk ranar da aka dawo daga daji sai an duba kunne da wuya da hammata da tsakanin yatsun kowane kare kafin a ba shi abinci. Abin da ya shafi magani na bar wa malaman dabbobi, su ne suka karanta.

Malamin Dabbobi, Katsina:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, bayaninsa daidai ne, kuma abin da ya kwatanta game da farin karensa shi ne ainihin yadda gubar maganin feshi take kashe dabba. Wanda tsautsayi ya sa hakan ta faru da shi, ya wanke karen da ruwa mai yawa da sabulu nan take, ya garzaya da shi asibitin dabbobi, domin akwai allurar atrofin da ake karya gubar da ita idan an zo da wuri.

Malam Mai Gona, zan fara da namijin, domin shi ne abin gaggawa. Kare mai kaska da yawa wanda ya daina cin abinci yana yini a kwance, ba susa ce matsalarsa ba, ana zargin cutar jini ce da kaska ke sakawa. Biyu ne muka fi gani. Ta farko ita ce babesiya, wadda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su, kusan yadda zazzaɓin cizon sauro ke yi wa mutum. Ta biyu ita ce erlikiya, wadda ke kama fararen ƙwayoyin jini, tana kuma rage abin da ke sa jini ya daskare, shi ya sa wani karen yakan yi haɓo. Ka ɗaga leɓensa yau ka dubi dasashinsa. Na lafiyayyen kare jaja-jaja ne, idan ka ga ya yi fari fat ko ya yi rawaya, ko ka lura fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, to kada ka kwana ba ka kai shi ba. Za a ɗebi jini a duba, sannan a san maganin da za a ba shi, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Idan erlikiya ce, ana ba da dokisisaikilin har kwana 28, kuma yawancin waɗanda cutar ke komo wa karnukansu su ne masu tsayar da magani a kwana na biyar don sun ga kare ya tashi.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa. Abin da kake gani a jikin kare ɗan kaɗan ne daga abin da ke gidan. Ƙumar da ta fi kama karnuka a duniya ita ce wadda masana ke kira ƙumar kyanwa, kuma mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi, zubowa yake yi duk inda karen ya kwanta. A ƙasa yake ƙyanƙyashewa ya zama 'yar tsutsa mai gudun haske, ta shige cikin rairayi ko tsumma ko ƙarƙashin buhu, tana cin busasshen kashin manyan ƙuma, daga nan ta naɗe kanta a cikin kwanso. A cikin kwanson nan feshi ba ya cika samun ta, kuma tana iya jira watanni har sai ta ji ɗumi da motsin dabba sannan ta fito. Ana ƙiyasta cewa cikin ɗari, kusan biyar ne kawai manyan da ke jikin dabba, sauran duk ƙwai ne da tsutsa da masu kwanso a makwanci. Idan akwai ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babba sati biyu zuwa uku ne. Tsutsar ba ta jure bushewa da rana, wannan ne ya sa a nan Katsina ba ka cika jin kukan ƙuma a tsakiyar bazara ba, sai Yuli da Agusta da Satumba.

Kaskar kare ma haka take, har ta fi. Yawancin kaska a ciyawa da daji suke rayuwa, amma jar kaskar kare tana iya kammala rayuwarta gaba ɗaya a cikin gida. Sau uku take hawa kare a rayuwarta, tana 'yar mitsitsiya mai ƙafa shida, da tana matsakaiciya mai ƙafa takwas, da bayan ta balaga, kuma duk lokacin da ta ƙoshi sai ta sauka ta ɓuya. Macen da ta ƙoshi tana da ɗabi'ar hawa sama, sai ta bi bango ta shige tsaga, ta zuba ƙwai dubbai, sannan ta mutu. Ka ce karenka yana yini a gindin katanga. Ka je da tocila da dare ka duba tsagogin katangar nan, da ramukan bulon da ba a yi wa filasta ba, da ƙarƙashin rufin inda suke fakewa, ina kyautata zaton za ka ga abin da zai ba ka mamaki. Wanda ya cire kaska ɗari daga kunnen kare ya mayar da shi gindin wannan katanga, cikin sati biyu zai ga kamar bai yi komai ba.

Saboda haka aikin kashi biyu ne, kuma tare ake yin su. A jikin manyan karnukan, akwai maganin ɗigawa a ƙeya mai ɗauke da fifronil, irin su Frontline, wanda ake buɗa gashi tsakanin kafaɗu a ɗiga a kan fata sau ɗaya a wata, ba a yi wa kare wanka kwana biyu kafin a sa da kwana biyu bayan an sa. Akwai kuma ƙwayoyin taunawa, NexGard na wata-wata ne, Bravecto kuma yana kai kusan wata uku. A ganina ƙwayoyin sun fi dacewa da karen gona a lokacin damina, domin ruwan sama da birgima a taɓo ba sa wanke su, sai dai sun fi tsada, kuma duk magani mai tsada a kasuwa ba ya rasa jabu, don haka a saya a wurin likitan dabbobi a duba ranar lalacewa. Duk wanda za a ba da, gwargwadon nauyin kare ake bayarwa. Idan akwai sikelin auna hatsi a gonar, yaron ya hau shi kaɗai, sannan ya hau ɗauke da karen, a cire na farko daga na biyu. Ita karyar, tunda tana shayarwa, a faɗa wa likita haka kafin ya zaɓa mata.

A makwanci kuwa, a kwashe tsummoki da buhunan da suke kwanciya a kai a ƙone, ko a wanke da tafasasshen ruwa a shanya a rana. A share rairayin wurin a kwashe samansa a kai can inda rana ke duka. A yi wa bango da tsagogi feshi da maganin kaska, bayan an fitar da dabbobi da kwanukan abinci, a bari ya bushe sarai kafin a mayar da su, a maimaita bayan sati biyu, daga baya a liƙe tsagogin da siminti ko yaɓe. A ci gaba da ba karnukan magani aƙalla wata uku a jere ko da an daina ganin komai, saboda masu kwanson nan da ke jira.

Mai Gona, Ƙofar Sauri:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ja kwana. Likita, na duba dasashin namijin kamar yadda ka ce, lalle ya yi fari, gobe da safe in Allah ya yarda zan kai shi. Sauran tambayoyina uku ne. Ba ka ce komai ba game da kwikwiyon. Sannan ina da ragowar maganin wankan shanu mai suna amitiraz wanda nake yi wa tumaki amfani da shi, ko zan iya wanke karnukan da shi, tunda kuɗin ƙwayoyin nan na karnuka biyu har wata uku ba ƙaramin abu ba ne? Na uku, wani makiyayi maƙwabcina ya ce yana da allurar sammore da ta abamektin, wai ko wacce aka yi wa kare sai ya miƙe.

Uwar Yara, Sabuwar Unguwa:

Kafin Likita ya dawo, Malam, bari in ƙara da abin da ya same mu, domin mu a cikin gari muke, kuma ba mu da kare sai kyanwa, amma ƙuma ba ta tambayar wa ke da gida. Bara yarana suka riƙa tashi da ƙuraje ƙanana jajaye a idon sawu da ƙwauri, uku-uku ko huɗu-huɗu a wuri ɗaya, na yi zaton kuɗin cizo ne, na fitar da katifu rana har sau biyu a banza. Wata maƙwabciyata ce ta nuna mini dabara. Aka tsayar da kyanwar a kan farar takarda aka taje ta da mataji mai ƙananan haƙora, wasu baƙaƙen abubuwa kamar garin masoro suka zubo, aka ɗiga musu ruwa, sai ga shi sun narke sun yi ja. Wannan kashin ƙuma ne, jini ne busasshe, da ƙasa ce ba za ta yi ja ba. Ka gwada wa karyarka haka, ko ba ka ga ƙumar da idonka ba za ka tabbatar.

Abu na biyu, ka duba ƙarƙashin wutsiyarsu da inda suke kashi. Idan ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa, wani lokaci har suna motsi, to gutsattsarin tsutsar ciki ce, kuma ta hanyar ƙuma take shiga, wato dabba ta haɗiye ƙuma garin cizon jikinta. An gaya mana a asibitin dabbobi cewa ƙaramin yaro mai rarrafe ma yana iya kamuwa idan ya haɗiye ƙumar, ko da yake ba kasafai ba. Maganinta daban ne, firazikwantal ake ba da, irin wanda ake ba yara na tsargiya. Idan akwai kyanwa a gonar, ka kiyaye, kada a ɗiga mata maganin da aka yi don kare, musamman mai ɗauke da fametirin, domin yana kashe kyanwa. Kuma idan yaranka suna zuwa gonar hutun mako, a duba musu bayan kunne da ƙeya da hammata idan sun dawo.

Malamin Dabbobi, Katsina:

Hajiya ta sauƙaƙa mini aiki, duk abin da ta faɗa haka yake. Malam, ka gafarce ni, na sha'afa da kwikwiyon. Abin da ka gani a jere a gefen kunnensa ba kaska ba ce a zatona, ƙumar kaji ce. Ita ta saɓa wa sauran ƙuma, macenta kafa baki take yi ta zauna wuri ɗaya kamar kaska, kuma idan ka kama kazarka ka dubi kewayen idonta da tukkunta da leɓatunta za ka ga irinta. A shafa musu basilin mai kauri a bari na ɗan lokaci, sannan a cire da hantsaki, a kula kada ya shiga ido. Akurkin kajin shi ma ya shiga cikin wuraren da za a share a yi wa feshi, a kuma raba makwancin kwikwiyon da shi. Maganin ɗigawa da ƙwayoyin taunawa ba a ba kwikwiyon da bai kai sati takwas ba, ƙwayoyin ma sai ya kai kimanin kilo biyu. Kafin nan sai taza kullum, da wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a goge shi ya bushe sosai kada sanyi ya kama shi. Ka riƙa duba dasashinsa shi ma, domin jininsa kaɗan ne, ƙuma kaɗai tana iya shanye shi.

Game da amitiraz, gaskiya ana amfani da shi wa manyan karnuka, kuma yana kashe kaska, amma ba ya yi wa ƙuma wani abin kirki, kuma ma'aunin da ake dama wa kare ba a ɗaukar sa daga bakin maƙwabci ko a kwatanta da murfin kwalba. Idan ya yi yawa kare yakan yi laushi, ya yi ta barci, bugun zuciyarsa ya ragu. Ba a yi wa kwikwiyo, ba a yi wa karya mai shayarwa, ba a yi wa kare marar lafiya kamar namijinka a halin da yake ciki, ba a kusantar da shi ga kyanwa ko doki. Ka ga ke nan a cikin ukun nan babu wanda ya dace da shi a yanzu. Ka tafi da kwalbar gobe ka nuna wa likita, zai gaya maka ko za ta yi maka amfani wajen feshin bango, a nan ne za ka rage kashe kuɗi. Duk mai damawa ko fesawa ya sa safar hannu ya rufe hanci, kuma kada a yi a ɗaki rufe.

Allurar sammore da makiyayin ya ambata, wato diminazin, ita ce dai ake yi wa kare mai babesiya, shi ya sa wasu ke ganin ta yi musu aiki. Amma a jikin kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce, idan aka zarce ma'auni ko aka maimaita ta kusa-kusa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya riƙa tangaɗi yana sanƙarewa, kuma da wuya ya tashi. Sirinjin da aka saba auna wa bijimi da shi ba na karen kilo goma sha biyar ba ne. Ita kuwa allurar abamektin, ta tsutsar ciki da ƙazuwa ce, ba ta raba kare da ƙuma.

Abu na ƙarshe ga yaron gonar da duk mai hulɗa da shanu, a daina murtsuke kaska da farce. Kaskar shanu mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe tana iya ɗaukar zazzaɓi mai sa zubar jini wanda ake kira na Kirimiya da Kwango, kuma jininta a hannu mai rauni hanya ce ta kamuwa. Gwangwanin kananzir da Baba ya faɗa ya wadatar. Tunda za ka asibiti, ka tambayi allurar rigakafin haukan kare ta manyan idan shekara ta zagayo, amma namijin sai ya warke tukuna.

Mai Gona, Ƙofar Sauri:

Jama'a, na dawo da bayani bayan kwana goma. An gwada jinin namijin aka ce erlikiya ce, yana kan magani, tun kwana na huɗu ya koma cin abinci, amma na riƙe lissafin kwana 28 a kalanda. Likita, na haska katangar da tocila kamar yadda ka ce, sai da tsigar jikina ta tashi, domin a ramin bulo guda na ga kaska fiye da yadda zan ƙirga, da wani tarin abu ja-ja kamar garin bulo wanda aka ce mini ƙwai ne. An yi feshi sau ɗaya, na biyu saura kwana huɗu, magini kuma zai zo ya yi filasta bayan nan. Gwajin farar takarda na Hajiya ya nuna ja a jikin karyar, an ɗiga mata magani a ƙeya, susar ta ragu ƙwarai ko da yake gashin bai fara fitowa ba. Kajin ma an same su da ƙumar a kewayen ido, mun share akurkin mun ƙone shimfiɗar. Kwikwiyon zai cika sati takwas ranar Alhamis, ranar zan kai shi a auna nauyinsa.